Ajin da hedimasta ya zaɓa maka

Duk kundin digiri na fannin ilimi da aka ce gwaji aka yi a cikinsa, akwai wani sakin layi da za ka tarar a babi na uku, kusan kalma bisa kalma. Ɗalibi zai jero abubuwa takwas da kan ɓata sahihancin gwaji, ya ce dukkansu an shawo kansu, ya wuce babi na huɗu inda teburan SPSS, manhajar lissafin alƙaluma a kwamfuta, suke jiransa. Jerin ba nasa ba ne, ba kuma na wanda ya kwafo a wurinsa ba. Na wasu Amurkawa biyu ne, Donald Campbell da Julian Stanley, da suka fitar a 1963, daga baya Campbell da Thomas Cook suka faɗaɗa shi a 1979. Sun rubuta shi ne don mai bincike ya zauna ya tuhumi kansa tun kafin wani ya tuhume shi. Mu kuwa mun mayar da shi laya: a rataya wa kundi a wuya, a shiga da shi gaban mai jarrabawa daga waje, da fatan Allah Ya rufa asiri.

Alhali duk takwas ɗin tambaya ɗaya suke yi. Ka gwada sabuwar hanyar koyarwa, ko sabon taki, ko sabon magani, ka ga bambanci. To ban da abin da ka yi, me kuma zai iya jawo wannan bambancin? A shekarun da na yi ina duba aikin ɗalibai, na lura amsar ba ta cika fitowa daga lissafi ba. Daga mutane take fitowa, kuma yawanci mutanen kirki masu son su taimaka.

Ga yadda aikin yakan kasance. Ɗaliba tana so ta nuna cewa koyar da lissafi da Hausa ya fi koyar da shi da Turanci zalla a aji huɗu na firamare. Tambaya ce mai kyau, ni ma ina da ra'ayina a kanta. Ta je makaranta da takarda daga sashe, hedimasta ya karɓe ta hannu bibbiyu, ya ce ga aji biyu. Ta tambaya wanne za a yi wa sabuwar hanyar, ya ce, "Malama, ki ɗauki 4A, su ne ba za su ba ki kunya ba." Ta yi jarrabawar farko, ta koyar mako shida, ta yi ta ƙarshe, 4A suka yi zarra. Ranar kare kundi in ka tambaye ta yadda aka yi 4A suka zama rukunin gwaji, sai ta ce, "Ranka ya daɗe, ai su aka ba ni." Hedimasta bai yi ha'inci ba, karamci ya yi wa baƙuwa. Amma da karamcin nan ya kashe binciken tun ba a rubuta lamba ɗaya a allo ba, domin a makarantu da dama ba a banza yaro yake zama a ajin A ba.

Kada wani ya ɗauka matsalar talaucinmu ce ko ta ƙaramin bincike. A 1930, a gundumar Lanarkshire ta Sikotlan, hukuma ta so ta san ko ba 'yan makaranta madara kullum yana ƙara musu girma. Aka ɗauki yara 20,000 a makarantu 67. Yara 5,000 aka riƙa ba su ɗanyar madara, 5,000 wadda aka ɗumama don kashe ƙwayoyin cuta, sauran 10,000 ba a ba su komai ba, su ne na kwatanci. Aka auna tsawonsu da nauyinsu a Fabrairu, aka sake aunawa a Yuni. Kuɗin da aikin ya ci ya kai fam 7,500, wanda a wancan zamanin ba ƙaramar dukiya ba ce.

Tsarin ya ce a raba yaran ta ƙuri'a ko ta jerin haruffan sunayensu. Sai aka ƙara wata 'yar dama: in malami ya ga rukuni ɗaya ya cika da ƙosassun yara ko da ramammu, yana iya musanya wasu don a daidaita. A takarda wannan hankali ne. Amma ka sa kanka a matsayin malamin. Shekara ce ta matsin tattalin arziki, yankin na masu haƙar kwal ne da 'yan ƙwadago, ga yaro a gabanka ka san da ƙyar ya karya kumallo, ga madara kyauta wata huɗu, ga alƙalami a hannunka. Wa za ka rubuta? Da aka duba awon farko, sai aka tarar yaran da ba a ba madara ba sun riga sun fi masu sha nauyi da tsawo tun ranar da aka fara, da kimanin girman wata uku a nauyi, wata huɗu a tsawo. Wato kusan duk abin da ake fatan madarar ta ƙara, tausayin malamai ya riga ya sanya irinsa a ɗaya ɓangaren.

Bai tsaya nan ba. Da tufafinsu aka auna yaran. A Fabrairu suna cikin kayan sanyi masu nauyi, a Yuni sun sauya marasa nauyi. Ɗan mai hali yana da riguna masu kauri da zai tuɓe in zafi ya zo, ɗan talaka kuwa abin da ya sa a hunturu kusan shi ne a jikinsa a bazara. Tunda 'ya'yan talakawa sun fi yawa cikin masu shan madara, ma'auni ya riƙa auna riga ana rubuta ta a matsayin tsoka. Sannan kowace makaranta iri ɗaya na madara aka kai mata, ko ɗanya ko ɗumamammiya, don haka in ka ga bambanci tsakanin madarar biyu ba ka san ko na madara ne ko na unguwa ba.

Wanda ya tone wannan duka a 1931 shi ne William Gosset, ma'aikacin kamfanin giya na Guinness a Dublin, wanda yake rubutu da sunan aro na "Student". Shi ne ya ƙirƙiro gwajin t ɗin nan, lissafin auna ko bambancin rukuni biyu ya wuce sa'a, a 1908, wanda ɗalibaina suke latsawa a kwamfuta ba dare ba rana. Bai ce a kawo wani lissafi mai zurfi a gyara ba. Cewa ya yi, don kwatanta madarar biyu, da an samo tagwaye masu kama ɗaya kamar ma'aurata hamsin, aka jefa ƙuri'a tsakanin kowane biyu, da an sami amsar da ta fi inganci da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba cikin kuɗin. Yawan yara dubu ashirin bai wanke son zuciya ba, sai dai ya sa kuskuren ya fito da ƙarfin gwiwa.

Na san amsar da ake ba ni a nan: "Malam, ai na yi ANCOVA, na cire bambancin jarrabawar farko." Madalla. Amma ANCOVA, lissafin daidaita rukunonin da suka fara da bambanci, abin da ka auna kaɗai yake gyarawa. Bai san cewa a 4A ne aka tara 'ya'yan ma'aikata masu lesin da yamma ba, bai san malaminsu ya fi zuwa aiki ba. Kuma yaron da ya fi ƙoƙari ba maki kawai ya fi ba a ranar farko, saurin ɗaukarsa ma ya fi. Ko ba a yi musu komai ba, tazarar da ke tsakanin ajin biyu za ta ƙaru cikin mako shida.

Wani abin da ɗalibai ba su cika tsammani ba shi ne, irin wannan karkata ba kullum take ƙawata sakamako ba, takan kuma ɓoye shi. A gwajin allurar rigakafin shan inna ta Jonas Salk a Amurka a 1954, wanda Thomas Francis na Jami'ar Michigan ya jagoranci tantancewarsa, tsari biyu aka bi. A wasu yankuna aka yi wa 'yan aji biyu waɗanda iyayensu suka yarda allura, aka kwatanta su da dukkan 'yan aji ɗaya da aji uku. A wasu yankunan kuwa, cikin yaran da iyayensu suka yarda aka jefa ƙuri'a, kimanin 200,000 suka sami allurar gaske, kimanin 200,000 allurar da ba rigakafi a cikinta, kuma daga iyaye har likitocin da ke duba marasa lafiya ba wanda ya san wa aka yi wa wacce. A tsarin ƙuri'a, cikin kowane yara 100,000, 28 ne suka kamu a masu allurar gaske, 71 a ɗaya rukunin. A tsarin farko kuwa 25 ne da 54. Allura ɗaya, shekara ɗaya, amma tsarin farko ya rage mata daraja. Dalili shi ne iyaye masu hali da ilimi sun fi yarda a yi wa 'ya'yansu, kuma a wancan lokacin 'ya'yan masu hali sun fi shiga haɗarin shanyewa, domin ɗan da ya tashi a gida mai ƙarancin tsafta yakan haɗu da ƙwayar cutar tun yana jariri, lokacin da kariyar da ya samo daga uwa ba ta gushe ba, ya sami garkuwa ba tare da ya shanye ba. 'Yan aji ɗaya da uku sun haɗa da 'ya'yan waɗanda da an tambaye su da sun ƙi. Ba wanda zai zauna a ofis ya hango wannan duka. Ƙuri'a ba ta buƙatar ta hango, shi ne amfaninta.

Don haka abin da nake roƙon ɗalibi ba shi da tsada. In ba za a bar ka ka gauraya yara ka raba su da ƙuri'a ba, kuma yawanci ba za a bari ba, to aƙalla kada kai ko hedimasta ku zaɓi ajin. Jefa kwabo a gaban shaida bayan an gama jarrabawar farko, ka rubuta a kundi cewa haka aka yi. Likitocin Ingila da suka gwada maganin streptomycin a kan tarin fuka, suka buga sakamakon a 1948, ambulan rufaffu suka yi amfani da su don kada likitan da ke karɓar majiyyaci ya san rukunin da zai faɗa kafin ya rubuta sunansa. Austin Bradford Hill da ya tsara hakan ba maƙaryata ya ɗauki likitoci ba, ya dai san zuciyar mai jinya. Sai kuma maganar da ba a son ji: aji biyu abu biyu ne, ba yara tamanin ba. In duk 4A malami ɗaya ne, ɗaki ɗaya, lokaci ɗaya, to abin da ya shafi ɗaya ya shafi duka. Gara makarantu shida da mako huɗu da makaranta ɗaya da zango guda. Ma'aikatan gona sun daɗe da gane wannan. Tun aikin Ronald Fisher a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila daga 1919 ake yanka gona ƙananan fuloti, a maimaita kowane iri a wurare da dama ta ƙuri'a, kuma duk wanda ya taɓa ratsa gonakin gwaji na Samaru a Zariya ya ga 'yan allunan nan a bakin kowane fuloti. Mu a fannin ilimi har yanzu rabin gona muke zuba wa taki, rabin da ya fi kusa da rafi.

Akwai wata barazanar da ta fi kowacce wuyar shiga kai, kuma ita ce ta fi yaudarar masu mulki. A 1955 mutum 324 suka mutu a haɗarin mota a jihar Connecticut ta Amurka, adadin da ya tayar da hankali. Gwamna Abraham Ribicoff ya sa doka mai tsanani, duk wanda aka kama da gudun wuce kima a dakatar da lasisinsa. A 1956 adadin ya sauko zuwa 284, gwamna ya ce an ceci rai arba'in. Campbell da Laurence Ross suka duba lamarin a 1968. Da suka jera shekarun baya, sai ga shi adadin dama hawa da sauka yake yi, kuma 1955 ta yi tsalle fiye da saura. Ai saboda tsallen ne ma aka yi dokar. Shekarar da ta fita daban, wadda ke biye da ita takan dawo kusa da inda aka saba, ko an yi doka ko ba a yi ba. Sun kwatanta da jihohin maƙwabta, ba su ce dokar banza ce ba, amma sun nuna arba'in ɗin nan ba hujja ba ce.

Kai wannan aji. Ɗalibi ya yi jarrabawa, ya tsamo yara ashirin da suka fi kowa faɗuwa, ya yi musu darasin gyara, ya sake jarrabawa, makinsu ya tashi. Dole ya tashi. Cikin ashirin ɗin akwai wanda zazzaɓi ya kama ranar farko, akwai wadda ta makara saboda talla, akwai wanda cankensa duk ya kuskure. Rashin sa'ar da ta taru ta jefa su ƙasa ba za ta sake taruwa daidai a kansu ba. Haka nan mai magani a bakin kasuwa yake samun shaidu: mutum ba ya neman magani sai ciwo ya kai ƙololuwa, daga ƙololuwa kuwa sauka ake yi. Maganin wannan ɗaya ne, ka tsamo arba'in na ƙasa, ƙuri'a ta raba su biyu, duka su dawo tsakiya tare, abin da ya rage a tsakaninsu shi ne naka.

Sai lokaci da abin da yake tafe da shi. Mako shida a makarantar gwamnati ba mako shida ba ne a takarda. Azumi yana iya faɗowa a ciki, ko yajin aikin malamai, ko sanyin hunturu da ke hana ƙananan yara fitowa da safe, ko a fara ciyar da 'yan makaranta aji ya cika maƙil. In ajin gwaji da safe kake shiga, na kwatanci kuma bayan tara rana ta take, ka gwada safiya da rana ne, ba Hausa da Turanci ba.

A nan ina jinjina wa aikin Garki. Tsakanin 1969 da 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun yi wani babban bincike kan zazzaɓin cizon sauro a ƙasar Garki, lokacin tana jihar Kano, yanzu Jigawa. Ba su fara da feshi ba. Sun share fiye da shekara suna ɗibar jini suna ƙirga sauro kawai, don su san yadda cutar take hawa da damina ta sauka da rani. Sannan a 1972 da 1973 aka fesa maganin sauro mai suna propoxur a ɗakuna, a wasu ƙauyukan aka haɗa da rabon ƙwayoyin maganin zazzaɓi ga kowa, wasu ƙauyukan kuma aka bar su ba feshi ana dai bibiyarsu. Duk dattijon da ya yi wayo a lokacin ya san abin da 1973 take nufi a ƙasar Hausa: fari. Ruwa in ya yi ƙaranci, kududdufai sukan ragu, lissafin sauro ya canza, mutane su tashi ci-rani. Ba don ƙauyukan kwatancin nan da awon shekarun farko ba, da ba mai iya raba aikin feshi da aikin fari. Da su ne aka iya faɗin gaskiya mai ɗaci, cewa cutar ta ragu ƙwarai inda aka haɗa feshi da ƙwayoyi, amma yaɗuwarta ba ta yanke ba, kuma da aka daina ta dawo.

Kwatanta da Pampaida ta ƙaramar hukumar Ikara a jihar Kaduna, ɗaya daga cikin ƙauyukan shirin yaƙi da talauci na Millennium Villages na masanin tattalin arziki Jeffrey Sachs. An zuba taki, iri, gidan sauro, asibiti, makaranta, kuma ba na shakkar mutane sun amfana. Amma rahotannin farko "kafin" da "bayan" suka riƙa nunawa. Michael Clemens da Gabriel Demombynes suka ɗauki ƙauyukan shirin a Kenya da Ghana da Nijeriya a 2010, suka jera su da alƙaluman yankunan da ke kewaye, sai ga shi wani ɓangare na ci gaban ko'ina ma yana faruwa. Misalin da ya fi ba ni dariya shi ne na wayar salula: an lissafa yawaitarta cikin nasarori, a shekarun da ko ƙauyen da ba wanda ya taɓa kai wa tallafi waya ta shiga. A 2012 ma sai da aka gyara wata da'awa da aka buga a mujallar likitanci ta Lancet kan saurin raguwar mutuwar yara a ƙauyukan shirin. Kuɗi masu yawa, niyya mai kyau, amma tunda ba a jefa ƙuri'a tsakanin ƙauyuka tun farko ba, aka bar muhawarar da ba ta ƙarewa.

Waɗanda suka ɓace a hanya su ma suna da magana. Ka fara da yara hamsin, ka gama da talatin da takwas, ka yi lissafi da talatin da takwas ba ka ce uffan ba. Su wa suka tafi? Ba ƙuri'a ce ta ɗebe su ba. Wanda aka tura gona ne da shuka ta kama, da wadda aka tsayar da ranar aurenta, da wanda sabuwar hanyar ta yi wa wuya ya daina zuwa. In masu rauni ne suka zube daga ajin gwaji, matsakaicin maki zai tashi ko da ba ka koyar da komai ba. Ɗalibai sukan ce, "To ai na cire waɗanda ba su halarci darasi sosai ba, don a ga ainihin tasirin." Nan ne gizo yake saƙa. A wani gwajin Amurka kan masu ciwon zuciya, an gwada maganin rage kitsen jini mai suna clofibrate. Cikin shekara biyar, masu shan maganin yadda aka ce kashi 15 cikin ɗari suka mutu, masu wasa da shi kusan kashi 25. Ka ce magani ya yi aiki. Sai aka duba rukunin da ake ba ƙwayar da ba magani a cikinta: masu sha a kan kari kashi 15, masu wasa da ita kashi 28. Mai kiyaye shan magani mutum ne daban, yana kiyaye sauran lamuransa ma. Da aka kwatanta rukunin biyu gaba ɗayansu yadda ƙuri'a ta raba su, kashi 20 ne da kashi 21. Ka lissafa kowa a inda ƙuri'a ta ajiye shi, ka kuma faɗa mana nawa suka ɓace a kowane ɓangare.

Yara kuma ba sa zama inda ka ajiye su. 4A da 4B katanga ɗaya ce tsakaninsu, wasu 'yan gida ɗaya ne, da yamma allo ɗaya suke karatu a makarantar Islamiyya. Waƙar lissafin da ka koya wa 4A kafin Juma'a 4B sun haddace. Malamin 4B shi ma ya ji an ce ana gwada shi, ya ɗaura ɗamara ya yi koyarwar da bai taɓa yi ba. Edward Miguel da Michael Kremer sun ga irin wannan a makarantu 75 na yankin Busia a Kenya, inda aka fara raba maganin tsutsar ciki a 1998: yaran da ba su sha ba su ma sun sami sauƙi, domin masu yaɗa ƙwan tsutsar sun ragu a kewayensu. Wanda ya kwatanta yaro da yaro a aji ɗaya zai raina maganin.

Hannun mai binciken kansa ba sai na ja ba. Kai ka ƙirƙiro hanyar, kai ka koyar da ajin biyu, kai ka tsara tambayoyin, kai ka yi makin kana ganin sunan aji a saman takarda, digirinka kuma yana rataye da sakamakon. Ba sai ka yi niyyar cuta ba. Ba wa wani malami takardun ya yi maki, lamba a sama maimakon suna. Kuma don Allah a rage jingina komai ga labarin masana'antar Hawthorne ta kusa da Chicago, wanda ake cewa ma'aikata sun ƙara ƙwazo don kawai ana kallonsu. A sanannen ɗakin gwajin, mata biyar ne ke haɗa kayan, aka sauya biyu a tsakiyar aiki. Da Steven Levitt da John List suka samo ainihin alƙaluman gwajin fitilu suka sake dubawa a 2011, sun tarar ranar Lahadi ake canza hasken, aiki kuma yakan tashi ranar Litinin ko an canza ko ba a canza ba.

A ce duk ka tsallake waɗannan, sakamakonka gaskiya ne a inda ka yi shi. Saura babi na biyar, inda ɗalibi yake gwada aji biyu a cikin birni ya ba gwamnatin tarayya shawarar ta canza manhaja. Gwajin MORDOR kan rage mutuwar yara, wanda aka buga a 2018, yana cikin mafi tsafta da aka yi a yankinmu. Garuruwa 1,533 a Nijar da Malawi da Tanzaniya, ƙuri'a ta raba su, yara daga wata 1 zuwa 59 ana ba su maganin kashe ƙwayoyin cuta mai suna azithromycin ko abin da ya yi kama da shi ba magani a ciki, sau biyu a shekara. A dunƙule mutuwar yara ta ragu da kashi 13.5 cikin ɗari. Amma a Nijar, a yankin Dosso, kashi 18.1 ne, a Malawi 5.7, a Tanzaniya 3.4, kuma a ƙasashen biyu na ƙarshe ba a iya kore cewa sa'a ce kawai ba. Magani ɗaya, tsari ɗaya, masu bincike ɗaya. Nijar ce ta fi yawan mutuwar yara tun farko, kuma jarirai 'yan ƙasa da wata shida ne suka fi amfana. Da Hukumar Lafiya ta Duniya ta zo ba da shawara a 2020, ba ta ce a raba wa kowane yaro a Afirka ba. Ta taƙaita ga 'yan wata 1 zuwa 11, a wuraren da mutuwar yara ta yi yawa, da sharaɗin a riƙa bibiyar ko ƙwayoyin cuta sun fara bijire wa maganin.